Gadon Kara a Gulbin Barkiya

Wawan labarin nan ni ne, kada kowa ya wahalar da kansa wajen nema. Abin ya faru shekara biyu bayan samun mulkin kai, ana tsakiyar ɗari. Ƙanwar matata ta haifi ɗan fari a wani ƙauye gaba da Barkiya. Ita matar tawa, Kulu, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sai ta haɗa gudummawarta: rabin buhun gishiri, da mazarƙwaila, da ƙullin daddawa. Ta ce, "Malam, mutuncina ke nan gaban dangin mijinta. Ka kai shi yadda na ba ka."

Laraba: Dutsin-Ma zuwa Kurfi

Ana sallame asuba na fito, na isa tasha ƙarfe shida saura kwata. Mota ba ta tashi ba sai bakwai da kwata. Na nemi gaba, direba ya dube ni ya ce, "Gaba na alhazai ne, Malam. Hau bisa gyaɗa." Na ba da sulena na hau. Ɗan doka ya tsai da mu a bakin gari, ya leƙa, ya ga ba mai arziki cikinmu, ya ce mu wuce. Tafiyar ba ta fi mil ashirin ba, amma sai goma saura muka shiga Kurfi, don taya ta yi faci a hanya.

Na sauka gidan taubashina Tanko, mai jaki. Jakin ya tafi Wurma da hatsi, dole na kwana. An ba ni tuwon dawa miyar kuka, da bargo mai warin akuya.

Alhamis: Kurfi zuwa gulbi

Mun fita ƙarfe shida, kaya bisa jaki. Ƙarfe tara muka wuce Barkiya muka iso gulbi. Daminar shekarar ta yi ƙarfi, ruwa bai gama janyewa ba, yana kwance shuɗi, faɗinsa kamar taku sittin.

Tanko ya ce, "Mashigi na can sama, rabin mil. Iya gwiwa ne."

Na tsoma yatsa, na ji sanyi har cikin haƙorina. Ga faso ya tsattsaga mini dugadugai. Na ce ƙafata ba za ta taɓa wannan ruwa ba.

To ni na yi elemantare, aji biyu. Malaminmu ya taɓa jefa kara cikin bokiti ya nuna mana cewa abu marar nauyi ba ya nutsewa. Ga gonaki an yi girbi, karan dawa jibge ko'ina. Na roƙi mai gona dami huɗu, na jera, na ɗaure da igiyar rama, na gitta sanduna biyu. Awa ɗaya da rabi na gama gadona na fito.

Tanko ya zagaya shi ya ce, "Wanga na kwanciya ne ko na kai gawa?"

Na ce, "Ilimi ne, ba naka ba."

"To bar kayan Kulu bisa jaki, ka tahi da iliminka kai kaɗai."

Na ƙi. Na ce sai da nauyi a tsakiya jirgi ke zama daidai. Ya ja jakinsa ya nufi mashigi.

Sai sha ɗaya na gama loda kaya na tura. Gaskiya taku ashirin na farko ban taɓa jin daɗi irinsa ba, har na ɗaga wa mata masu wanki hannu. Abin da ba a koya mana ba, ko kuwa an koya a aji uku bayan na bari, shi ne kara na shan ruwa. Gado ya soma durƙusawa a hankali kamar raƙumi, gaba tukun, sannan baya. Sanyi ya kama ni daga wando ya hau. Na rungume buhu ina salati da ƙarfi.

Wata tsohuwa daga gaɓa ta ce, "Kai Malam, miƙe tsaye mana!"

Na miƙe, ashe iya ƙirji ne. Na aza buhu a ka ina takawa, kowane taku yana ƙara sauƙi, gishiri na narkewa. Mazarƙwaila kuwa ta bi wuyana ta gangara cikin riga. Na tarad da Tanko a tsallake ya hura wuta, yana dariya har da riƙe ciki. Daddawa kaɗai ta tsira.

Juma'a: suna

Na miƙa ƙullin daddawa da jiƙaƙƙen buhu. Uwar mijin ta juya buhun ta ce, "Madalla, za a yi shimfiɗar kaji." Kafin a yanka rago Tanko ya gama ba kowa labari.

Asabar: gida

Na iso Dutsin-Ma da la'asar, da mura. Na gode Allah da ya maido ni, na gode wa tsohuwar nan da ban san sunanta ba. Labari kuwa ya riga ni. Na zauna ina yi wa Kulu bayanin kara da bokiti, yadda hikimar take daidai, kara ne ya ci amana. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Malam, shi jakin Tanko da ya ƙetare lafiya, aji nawa ya yi?"