Tabon Kuncina da Littattafan Kaka

A madubin banɗakin tsohuwar na fara ganinsa. Na gama alwalar azahar na ɗago kai, sai ga wani tabo baƙi-baƙi a kuncina na hagu, kamar inda dutsen guga ya lashi yadi. Na goga da yatsa, bai fita ba. Fatar wurin ta yi shara-shara har ina hango jijiyoyi.

Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a garin Bowie, a Amurka. A da malamar adabi ce. Ido ya ƙi, ƙafa ta ƙi, amma baki yana nan daram. Kaka nake ce mata, kuma tun da na gaya mata a wurinmu jika da kaka wasa suke yi, ta riƙe abin hannu biyu. Bayan wanka da magani, aikina in karanta mata littattafanta na Ingila, na ƙarni na sha tara, zamanin sarauniyar nan tasu da ta daɗe a kan mulki. Turancina na sakandare ne, ina tuntuɓe tana ɗaga ni.

Matan cikin littattafan nan ba su da maƙiyi kamar madubi. Yarinya ta ɗan haura ashirin da biyar, sai a fara cewa ta yi yaushi, a wurin rawa a bar ta jikin bango tare da iyaye. Uwa ta tsinci furfura ɗaya ta wuni a ɗaki. Da farko dariya nake yi. Daga baya na daina, don shekarun nawa ke nan.

Da sallah na aika hoto gida, gwaggona ta bugo waya. "Ke, Amurkar ce ta tsotse ki haka? Kin dushe, sai ka ce yayar uwarki." Anti, wadda nake zaune a gidanta a Fort Washington, ta ce abin mai sauƙi ne. Ta karɓo min haɗin mai wurin wata mai kitso, a kwalba, ba suna ba rubutu. Na yi watanni ina shafawa, na yi fes, kowa yana yabawa. Da tabon ya fito, Anti ta ce ai dattin ciki ne yake fita, in ƙara yawa a wurin. Na ƙara. Tabon ya ƙara faɗi. Na koma jawo hijabi ina rufe kunci.

Wata rana muna karatu muka zo inda wata mata take ɓoye hodarta a ƙasan akwati. Na tambayi Kaka abin ɓoyewa a hoda.

"Guba ce a ciki," ta ce. "Wasu su shafa, wasu ma su riƙa lasa kaɗan-kaɗan don su yi fari. Fuska ta yi kyau, haƙori ya zube, hannu ya kama rawa. Wata da kyan nata ake binne ta."

Littafin ya fara kaɗawa a hannuna. Ban sani ba ko tsoro ne, ko abin ne ya riga ya kama ni.

"Kin yi shiru, jikata. Matso da fuskar nan."

Ta laluba kuncina da yatsunta, ta sansana su.

"Na daɗe ina jin warin nan, na ɗauka man gashi ne. Me kike shafawa?"

"Mai ne kawai, Kaka."

"Mai. Ni ga fuskata kamar takardar da aka cukuikuye, ba wanda ya gudu. Ke kina sauri ki riga ni kwanciya."

"Ke ai kin ci zamaninki."

"Na ci. Kuma da haƙorana na ci."

Ranar ta sa 'yarta ta nemo min wani ƙaramin asibiti. Na je da kwalbar a jaka. Likitar ta juya ta tana neman rubutu, ba ta samu ba. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ce in daina shafawa, in jira kira.

Jiran ne ban iya ba. A cikin bas ina bin haƙorana da harshe ɗaya bayan ɗaya. In na idar da sallah sai in miƙa hannuwa in ga ko suna rawa, su kuma su yi ta rawa. Anti ta ce Turawa sun cusa min tsoro, ita shekara nawa tana shafawa. Na fara kallon kuncinta, na ga abin da hoda take rufewa. Har yau in na ji ƙamshin da ya yi kama da na man nan sai in kau da kai.

Ina taje wa Kaka kai da hantsi wayar ta shigo. Likitar ta ce akwai magani mai ƙarfi a man, shi ya cinye fatar, amma jinina lafiya, ƙoda lafiya. Tabon zai daɗe, wataƙila ba zai tafi duka ba. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Na zauna a kan kafet da matajin a hannu.

"To?" in ji Kaka.

"Sun ce ba zan mutu ba."

"Za ki tsufa ke nan. Sannu. Tashi ki ƙarasa min kan nan."