Hannun Kaka a Jikin Tulu

Jiya da yamma cunkoson motocin Mararaba ya tsare mu a hanyar komawa Keffi, sai na jiyo kiɗan tulu daga wata 'yar majami'a a bakin titi. Mata ne ke koyon waƙa. Kafin in ankara idona ya kawo ruwa, har wanda ke zaune kusa da ni a mota ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya ƙalau, kakata na tuna.

A unguwar Tudun Ƙofa da ke Keffi na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Ita ce mai kaɗa tulu a zumuntar matan cocinmu tun kafin a haife ni. In ba ka taɓa gani ba, tulun ƙasa ne irin na ruwa, ana bugun bakinsa da faifan soso, shi ke riƙe wa mata waƙa kada ta watse. Kaka ba ta yi boko ba, Hausarta ma rabi yaren Mada ce, muryar waƙa kuwa babu. Ita da kanta take cewa in ta buɗe baki awaki ne ke amsawa. Tulun nan shi ne bakinta a gaban Ubangiji, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa shi. In na kai hannu sai ta ce, "Maigidana, ka bar mini kayana, kai da ko cefane ba ka bayarwa."

A shekarun da ma'aikatan Abuja suka fara cika Keffi suna kama haya, cocinmu ya cika da baƙin fuska, har aka fasa bango aka ƙara masa tsawo. A daidai lokacin ne kunnen Kaka ya fara nauyi. Mu a gida mun sani, amma wa zai faɗa mata?

Ranar godiyar girbi abin ya fito fili. An jibge doya da gyaɗa da buhunan masara a gaban bagadi, ko'ina ƙanshin sabuwar doya da ƙasarta. Mata suka shigo a jere da rawa, sai waƙa ta yi gabas, tulu ya yi yamma. Ƙafafu suka harɗe, samari a baya suna ƙunshe dariya. Kaka kuwa idonta a rufe, tana murmushi, tana ta bugu. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan kwana biyu shugabar zumunta ta zo gida, ta durƙusa har ƙasa. Abin tausayin shi ne, maganar da ta so ta yi a asirce dole ta ɗaga murya, har 'yan hayarmu suka ji.

"Mama, mun yi shawara ki huta hakanan. Ki miƙa wa wata tulun."

Baba ya taso da faɗa. Ya ce tulun na Kaka ne, a kanta ta ɗauko shi daga ƙauye, shi yanzu zai je ya ga fasto. Kaka ta ce masa, "Zauna. Ita aka ɗora a kanmu, ba kai ba. Yabon ma ai ba nawa ba ne."

Ta wanke tulun ciki da baya, ta goge, ta miƙa da hannu biyu. Kada ka ɗauka abin bai yi mata zafi ba. Ranar ba ta ci tuwo ba, na kuma same ta a gindin murhu tana share hawaye da bakin zane. Na tsorata, don na zaci ta rabu da coci ke nan har abada.

Ranar Lahadi sai ga ta ta riga kowa ɗaura zanen zumunta. Wadda aka ba tulun matar wani ma'aikaci ce, baƙuwa, sa'ar 'yar autar Kaka. Kaka ta jawo kujerarta har kusa da ita. Da aka ɗauki waƙa, sai ta ɗora tafin hannunta a jikin tulun, a hankali, don kada ta kashe masa amo. Baiwar Allah ta rikice, ta turo mata shi.

"A'a, kaɗa, 'yata," in ji Kaka. "Ta nan nake ji."

Kiɗan da kunne ya hana ta, hannu ya kawo mata. Ƙafarta ta faɗa daidai, kafaɗunta suka kama rawa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Haka ta riƙa zama kowace Lahadi har Ubangiji ya kira ta gida.

Yau cocin namu ya zama bene, ga fiyano, ga lasifikoki masu girgiza taga, tulun ma sai jefi-jefi ake fito da shi. Bara dattawan ikilisiya suka ce in sauka daga jagorancin mawaƙa in ba yara wuri. Raina ya ɓaci sosai, har na fara tunanin sauya coci. Amma da Lahadi ta zo, na saka kayan mawaƙa, na jawo kujerata kusa da saurayin da ya gaje ni. Na gode wa Allah da ya ba ni kakar da ta nuna mini inda ake zama.