Bindigar da na sa Baba ya saya

Wata Asabar ce a watan Oktoba, shekarar da na cika sha uku, Baba ya ɗauke ni zuwa wani katafaren kantin kayan farauta a titin Wendover, a garin Turawan da muke zaune. Ba don yana son rakiya ba. Baba mutumin Maraɗi ne, Hausa da Faransanci ne a bakinsa, Turancinsa bai wuce na ɗakin ajiyar kayan da yake aiki ba, don haka ni ce bakinsa a asibiti da makaranta da ko'ina. Ranar kuwa ƙawayena suna jirana za mu je kallon ƙwallo, kuma tun a mota nake cika ina batsewa.

Baba ɗan mafarauci ne, da bindigar adaka ya tashi. Shekara da shekaru yana ba mu labarin dawa a falonmu na unguwar Gate City, muna ninke wanki muna ji da rabin kunne. Da abokin aikinsa ya ce zai kai shi farautar barewa, ya yi karatun dokokin farauta, ya karɓi takardar izini, saura bindiga. Mai sakata yake so, wadda sai ka ja ƙarfen da hannu kafin wani harsashin ya hau. “Harbi ɗaya, sai mutum ya tsaya ya yi tunani,” in ji shi. A kantin ya ɗauki wannan ya ɗora a kafaɗa, ya shafa ƙotar, ya ja sakatar ya mayar yana saurare, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Sanye yake da doguwar riga, mutane suna waiwayenmu, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai kantin dattijo ne mai haƙuri. Ya lura Baba yana yamutsa fuska in ya ɗaga hannun dama, aikin ɗaukar kaya ya riga ya cinye masa kafaɗar. Ya ce in gaya wa Baba ya ɗauki mai ƙaramin harsashi, .243, ta ishi barewa kuma ba ta naushin kafaɗa. Babbar da ke hannunsa, mai harsashi .300, za ta dake shi har ya fara tsoron ta. Na san in na faɗa, zancen zai ci wata awa guda. Baba ya ce, “Uwata, me ya ce?” Na ce, “Ya ce wannan ta fi ƙarfi. Baba don Allah mu tafi.” Ya yi murmushi ya rungume ta.

Sau biyu ya je gwajin harbi, yana dawowa Mama tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Ba ta daina shiri ba, ta kwashe firiza, ta daka yaji, ta sayo ƙuli-ƙuli za a yi kilishi. Ranar farautar ya dawo bayan magariba, wandonsa duk laka, hannu wayam. Ashe da ya ga barewa ya yi bismilla ya ja kunamar bindigar, amma jikinsa ya riga ya koyi zabura, harsashin ya kauce ya sami barewar a tumbi. Shi da abokin aikinsa sun bi jini har rana ta faɗi ba su same ta ba, wuƙar yankan tana kube. Ya zauna bai cire takalmi ba ya ce, “Na zalunci baiwar Allah. Tsufa ya zo.” Ina tsaye da kofin ruwansa a hannu.

Bai sake zuwa ba, kuma labarin dawa ya ƙare a gidanmu. Bindigar tana nan a kulle, duk kaka yana fito da ita ya shafa mata mai. Yanzu ni ke tuƙa shi asibiti, kuma duk abin da likita ya faɗa sai na mayar masa kalma bayan kalma, har ya ce na cika dogon bayani. Jimlar mai kantin nan ce kaɗai har yau ban fassara masa ba.