Ranar da Na Yi wa Butel ɗin Walda Fure

A duk unguwar Jambutu, a wancan lokacin, babu macen da za ta nuna mini tsabtar gida. Ku tambaya a Garwa, akwai sauran masu rai. Tukwanena in na goge su da yashin Binuwai da toka, mutum zai iya gyara rawaninsa a jikinsu. Wuri ɗaya ne ya gagare ni a gidan nan: zauren maigida.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai walda ne, kuma a zaure yake aikinsa. A can kusurwa akwai tukwanen gas biyu, mu nan butel muke ce musu, an ɗaure su da sarƙa a jikin bango. Ɗaya dogo ne mai farin wuya, na oksijin. Ɗayan gajere mai tumbi, wuyansa ruwan ƙasa, shi ne mai cin wuta. Duk sun ƙuje, ga tsatsa, ga ƙura. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansu ina kawar da kai.

Sai 'yarmu ta fari ta zo gida ta haihu. Za a yi taron suna, baƙi za su zo daga Gidar, har da dangin mijinta na Marwa, mutanen da ke shiga gida suna duban bango kafin su dubi mai gidan. Kuma ta zauren nan kowa zai bi. Ana saura kwana uku maigida ya tafi Mokolo neman tsofaffin ƙarafa. Na ce to, Allah ya kawo ranata.

Akwai ragowar koren fenti da aka shafa wa ƙofa. Na shafe butel ɗin nan biyu tun daga gindi har wuya, da ya bushe na ƙara. Sannan na samo ja da rawaya na zana musu furanni, irin na jikin kwanukan jerena. Wallahi sun yi kyau. Ranar suna wata daga cikin matan Marwa ta tsaya ta tambaye ni a ina ake sayar da irinsu.

Maigida ya dawo ana gobe suna. Ya tsaya a gabansu ya yi salati, ya sake yi, sannan ya wuce ciki. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Bayan baƙi sun watse, manoma daga ƙauyukan hanyar Gidar suka kawo garmunan shanunsu da suka karye. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa na so a gyara masa tasa kafin ruwan shuka. Maigida ya yi biyu, ana cikin ta uku wutar ta yi fut, ta mutu. Gas ya ƙare, duka biyun. A nan ne ya buɗe baki.

"Ke uwar yara, kin san abin da kika yi?"

"Na san na fitar da kai kunya."

"Butel ɗin nan ba namu ba ne, na kamfani ne. Kai musu wanda ya ƙare ake yi, su ba ka cikakke. Da launin wuya suke gane abin da ke ciki, da tambarin da aka buga a kafaɗa suke gane nasu ne. Kin binne duka a ƙarƙashin ganye."

Ni da na ɗauka namu ne kamar randar gida! Amma ban nuna ba. Na ce ai duk mai ido zai ga an mayar musu da kayansu ya fi yadda suka bayar.

"Madalla," in ji shi. "Ke kika shafa, ke za ki je ki gaya musu haka. In ba su karɓa ba, ki dawo ki yi wa manoman nan bayani."

Na ɗauki gyalena. Kamfani biyu ne ke kawo gas garin nan daga Duwala, kowanne da defo ɗinsa inda ake kai canji, kuma babu mai taɓa butel ɗin ɗan'uwansa. Wannan ma ban sani ba. Da na tambayi maigida wanne za ni, da ya faɗa mini. Amma muna fushi, in tambaye shi? Allah ya kiyaye.

Na kira wani dattijo mai pus, wato kurar turawa, mutumin Mokolo, wanda ke yi mana dako tun yarana suna ƙanana. Da ya ga kayan ya zauna a ƙasa don dariya.

"Dada, gidan miji za a kai su?"

"Tura ka yi shiru, tsohon banza."

Muka nufi defo ɗin da ya fi kusa. Mai tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar kayan, wani ɗan kudu ne mai tabarau, Hausarsa rabi Faransanci rabi Fulatanci. Ya zagaya butel ɗin sau biyu, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mama, wannan mene ne?"

"Gas nake so. Ga naku nan, na gyara muku."

"Ba na ganin launi, ba na ganin lamba. Ba zan karɓa ba. In aka cika wannan da iskar wancan, can Duwala mutane za su mutu."

Da ya ambaci mutuwa na sauko kaɗan. Na ce ina lambar take? Ya nuna mini kafaɗa, kusa da baki. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Da ma ina da 'yar kwalbar man gyaɗa a jaka, wanda nake saukar da fenti daga hannuna da shi. Na ciro, na jiƙa bakin gyale, na nufi wuyan dogon.

Ban taɓa ganin mutum mai tumbi ya yi tsalle irin na mai tabarau a ranar ba. Ya riƙe mini hannu yana ihu da yaruka uku.

"Mai? A bakin oksijin? Mama, kina so ki tashi da mu sama?"

Ashe mai da oksijin ba sa haɗuwa, ko ɗigo ne a bakin butel yana iya kamawa da wuta, ba ashana ba komai. Mai pus tuni ya tsallaka titi, yana leƙo mu daga bayan bishiyar darbejiya. Na mayar da kwalbata cikin jaka a hankali, kamar da ma haka na yi niyya.

"To a ba ni yashi da toka," na ce.

Wata mai soya makala, wato fanke, a bakin titi ta ba ni toka da ruwa a gwangwani, yashi kuwa ga shi nan ko'ina. Na ɗaura ɗamara na zauna a ƙofar defo, na kama kafaɗar dogon nan kamar tukunyar tuwon biki. Masu walda da suka zo canji suka kewaye ni. Wani ya ce, "Dada, in kin gama ga nawa nan." Na ce ya fara kawo wuyansa, shi ya fi buƙata.

Kafin azahar farin wuya ya fito, ruwan ƙasa ya fito, tambari ya bayyana tas, har ana iya bin sa da farce. Na kira mai tabarau. Ya duƙa ya duba, ya ɗago yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

"Mama, kin yi aiki. Amma ba namu ba ne. Na wancan kamfanin ne, can hanyar gada."

Na dube shi, na dubi sama. Gabas ta yi baƙi. Na ce wa mai pus ya fito daga bayan bishiya. Ya tura, ni ma na sa hannu na tura, mace mai jika, a tsakiyar Garwa da rana tsaka. Mun iske suna shirin rufewa su tafi hutun rana. Wannan karon ban jira a tambaye ni ba, na dafa kafaɗar butel na ce, "Ga tambarinku, ga farin wuya, ga ruwan ƙasa, kuma babu mai a bakinsa. Furen kyauta ne." Mutumin ya duba lamba, ya rubuta a takarda, ya sa aka mirgino mana cikakku biyu. Munana, kamar an tono su daga juji.

Da muka iso gida manoman na zaune a inuwa sun yi jugum. Maigida ya taso. Ya ɗaura tiyo, ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya tana huci. Garma ta ƙarshe ta bar zaure da la'asar sakaliya, kuma manoman ba su kai tasha ba yayyafi ya fara. Da na kawo masa abinci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce har turin pus kika yi." Na ce masu faɗa ba su da aikin yi.

Tun daga ranar ban sake taɓa butel ba, ko shara nake sai in zagaye su. Amma damina biyu bayan haka na je biki Gidar, muna wucewa ta gaban wani mai walda a bakin kasuwa sai idona ya faɗa kan wani dogon butel. An sake masa fenti, amma can ƙasa wajen gindi, inda burushinsu bai kai ba, ga jan fure ɗaya da koren ganyensa. Na tsayar da matan da muke tare na nuna musu. Mai waldar ya ce shi ma ya daɗe yana mamakin wanda ya zana. Na ce masa ya riƙe shi da kyau, har Duwala ya je ya dawo.