Gezar Dardumar da Na Yanke

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isuhu, kuma har yau ba na ratsa falonmu ban kalli ƙasa ba. Ni karatuna bai yi nisa ba. Amma tun farkon makon nan na kasa zama wuri ɗaya, in ɗora tukunya in sauke, in share inda na riga na share, shi ne na ce bari in faɗa wa mutane ko na samu sauƙi.

A Laurel muke zaune, wani gari a ƙasar Turawa. Malam direba ne a shagon dardumomi na wani tsoho ɗan Iran, a wajensa kuma ya koyi gyaransu. Wata rana ya shigo da wata a kafaɗa, tsohon ya ba shi kyauta. Da na shimfiɗa sai na ga gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, jan launinta ma ya sauya daga tsakiya, ya koma kamar zoɓo. Na ce, "Malam, lalatacciya suka haɗa ka da ita." Ya yi dariya. Ya ce matan makiyaya ne ke saƙa irinta a ƙasa, ƙulli bayan ƙulli, da ulun tumakinsu. In lokacin tashi ya yi, su naɗe aikin su ɗora wa jaki, su ci gaba a sabon masauki. Inda jan ya sauya, nan ulun ya ƙare, matar ta rina wani a wani wurin. "Ke da ko ƙofar gida ba kya leƙawa," in ji shi, "ga mai yawo na kawo miki."

Abin da ya haɗa ni da ita geza ce. Kullum sai injin shara ya cafke ta ya yi ta gurnani. Ran nan na ɗauko almakashi na yanke ta kaf, gefe biyu, har ina jin daɗi falona ya yi tsaf. A sanina geza ado ce da ake ɗinkawa daga baya. Da Malam ya dawo ya tsuguna, ya shafa bakin dardumar. Can ya ce, "Hajara, wannan zaren shi aka ɗaura kowane ƙulli a kansa. Bakin buhu kika kwance."

Bai sake tayar da maganar ba. Duk Lahadi sai ya zauna da allura da zare mai kaki, yana kame bakin a hankali. Ya gama gefe ɗaya, ya yi taƙi guda a na biyu, ciwo ya kwantar da shi.

Tun daga nan gefen yake zubewa. Ina tsintar guntayen jan ulu a ƙarƙashin kujera, in tara a kofi, ban san me zan yi da su ba. Shagon ya rufe tuntuni. Yanzu kuma 'yarmu Zainab ta sayi gida a garin Bowie, ƙarshen wata zan koma wajenta, ta ce, "Mama, abin nan ba zai shiga gidana ba, kakkaɓewa yake yi. Ta waya zan sayo miki sabuwa."

Nakan ce da Malam zai leƙo, me zai ce da dardumar da ake latsa waya ta iso jibi? Na san zai juya bayanta ya nemi ƙulli ya rasa. Zai kuma tambayi matan nan, ko har yanzu suna tashi da jakunansu, ko sun zauna a gari kamar yadda tsohon ke yawan kokawa. Abin da na sani, wata mata da ban taɓa gani ba ta yi ta jan aikin nan daga tudu zuwa kwari bai warware ba, sai a falona.

Jiya na buɗe gwangwanin allurarsa, na zauna inda yake zama. Ɗinkina manya-manya ne, a karkace. Zainab ta shigo ta tsaya a kaina, ta ce, "Mama, ai ana ganin inda Baba ya tsaya."

Na ce, "A bari a gani. Ita ma mai saƙar ba ta ɓoye nata ba."

Sai ta cire takalmi, ta durƙusa ta riƙe mini bakin.

Malam bai bar mana gadon gida ba, bai bar gona ba. Ya bar gefe ɗaya da ko zare bai motsa ba a shekara bakwai, da tunanin hannun da bai taɓa nuna ni da yatsa a kan ɓarnata ba. Allah ya jiƙansa. Saura taƙi huɗu, saura kwana tara.