Shekara Takwas Babu Sabo, Arfar Bana Ta Wuce Inna

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanena Sabo, mai gyaran rediyo da talabijin a nan Lafia. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa. Ban taɓa rubutu a kansa ba, don ni ba mutumin jarida ba ne. Aikin sito na yi har na yi ritaya, abin da na iya shi ne ajiye kowane kaya a wurinsa. Abin da ya faru a Babbar Sallar bana ne ya sa na ɗauki biro, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Bari in fara daga farko. Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune a Adogi, ta ƙi dawowa gari. Tun muna yara burinta ɗaya ne, ta tsaya a Arfa. Allah bai nufa ba. Lokacin da ƙafa ke da ƙarfi babu hali, da hali ya fara samuwa ƙafa ta ƙi. Sabo ne ya samo mata wata hanya. A tsakiyar shekarun casa'in ya kafa irin babban dish ɗin nan na raga mai kama da kwando a bayan shagonsa, wanda sai an haƙa rami an zuba kankare kafin ya tsaya, ya kamo tashar da ke nuna aikin Hajji kai tsaye. Duk ranar Arfa sai ya jona risiba da bidiyo, ya naɗi tsayuwar a kaset. Ranar Sallah, in an sauko daga idi, mu ɗora talabijin da bidiyo da janareto a bayan a-kori-kura, mu nufi Adogi. Inna ta zauna a gaba kan tabarma, maƙwabta su cika tsakar gida, Fulanin rugar da ke bayan gari su zo da matansu, a kalla tun daga huɗuba har faɗuwar rana.

A lokacin babu wani jadawali da risiba ke nunawa. Ba abin da zai gaya maka shirin da ke tafe ko ƙarfe nawa zai fara. Abin da Sabo yake da shi tsari ne. Ya rataya agogo na biyu a bangon shago, ya saita shi da lokacin Makka. In sati ya rage, ba wanda ya isa ya taɓa risibar nan, ko ni da nake yayansa. Kaset sabbi yake saye, bai taɓa naɗar Arfa a kan wani tsohon fim ba. Ranar kuwa da azumi a bakinsa zai zauna kan benci, yatsa kusa da maɓalli, kaset na gaba a cinyarsa an riga an ɓare ledarsa. In mai gyara ya leƙo, ko kai ba ya ɗagowa. Sai ya ce, “Yau ba na gari, ina Arfa. Ka dawo bayan Sallah.”

Bayan rasuwarsa ni na ɗauki aikin, kuma yadda ya yi haka na yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Shagon ya koma hannun ɗansa Nasiru, wanda yanzu magidanci ne, kuma a harkar ɗaura ƙananan dish na yanzu babu unguwar da ba a san shi ba. Ya canza risiba sau nawa, ni dai in an jona mini bidiyon ubansa, shi ke nan, in zauna kan benci. Bana bidiyon ya fara cin kaset. Na ce a gyara. Nasiru ya ce ba sai an gyara ba, akwai sabuwar risiba da ke naɗa da kanta a cikin filashi, ɗan abin ajiya da ake soka mata maimakon kaset.

Ya nuna mini yadda take. In ka danna wani maɓalli sai jadawalin shirye-shirye ya fito, kowace tasha da layinta, kowane shiri da lokacinsa. Ka zaɓi wanda kake so, ka danna, ka tafi harkarka. Na sha tambayar kaina me Sabo zai ce da ya ga wannan. Na tabbata zai yi murna da farko, don yana son sabon abu fiye da ni. Amma da ya zauna da ita kwana biyu, da ya ga abin da na gani. Rabin tashoshin layinsu fayau yake, babu komai. Wasu rubutun ya fito kamar tsutsotsi, ba Larabci ba, ba boko ba. Agogon risibar ma in ka koma wata tasha sai ya yi tsalle, da hantsi ya ce maka la'asar ta yi. Tashoshin da muke kamawa kyauta ba don mutumin Lafia aka tsara su ba, mu tsinta muke yi. Amma yanzu kowa ya ga rubutu a kan gilashi sai ya ɗauka gaskiya ce.

Kuma bana ba kamar sauran shekaru ba ce. Ƙanwarmu Talatu, autar Inna, ta samu kujerar Hajji. Sau biyu Inna tana aiko mini da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa, cewa kada a yi wasa da na bana. Ta san ba za ta tsinci fuskar Talatu cikin wannan taro ba. So take ta ga filin da 'yarta ta tsaya, a ranar da ta tsaya, ta ɗaga hannu tare da su.

Sati guda kafin Arfa na sa Nasiru ya saita abin a gabana. Ya yi, na ga jar alama ta fito. Na ce duk da haka zan zo in zauna.

“Baba, zaman me?” in ji shi. “Inji za ka yi wa gadi? Ka je ka ɗauko ragonka. Wannan ko mutuwa muka yi za ta naɗa.”

Ragon yana wajen Arikya, hannun wani Bafulatani abokina da ya yi mini kiwo, kuma mota ba ta samu ba sai ranar Arfa. Nasiru shi ma yana da gidaje jere da ke jiran a ɗaura musu dish kafin Sallah. Ya bar risiba a kunne, ya kulle shago. Wuta ma ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Bayan shan ruwa muka haɗu a shagon. Ya buɗe abin da aka naɗa. Sai ga wani Bature da gajeren wando yana gudu a kan injin motsa jiki, wata mata a gefe tana tafi, lambar waya tana yawo a ƙasa. Ya tura gaba, Baturen ne. Ya tura can ƙarshe, an koma tallar tukunya. Tun safe har yamma abin da risibar ta zauna tana kwasa ke nan, ba ta tsallake ko minti ɗaya ba.

Nasiru ya dafe kai. Ashe jajibirin Arfa abokansa sun zo sun ce akwai sababbin tashoshin fim da kokawa, a kamo su saboda hutun Sallah, kamar yadda duk Lafia ake yi a wannan satin. Ya yi sikanin, wato ya sa risibar ta sake laluben tashoshi. Tashoshi suka sake layi, tashar Hajji ta bar lamba ɗaya ta faɗa can ƙasa, mai tallar inji ta hau wurinta. Ita kuwa risiba lamba ɗaya aka ce ta naɗa, lamba ɗaya ta naɗa.

Muka shiga buga waya. Duk wanda Nasiru ya sayar wa irin wannan risibar mun tambaye shi. Amsa iri ɗaya: “Ai kai tsaye muka kalla.” Wannan ya fi komai ƙona mini rai. A zamanin Sabo bidiyo ɗaya ne a layinmu, kuma ba a taɓa rasa Arfa ba. Yau gida-gida akwai abin naɗa, amma ba wanda ya naɗa.

Nasiru ya ce, “Baba, mu sa mata tsohon kaset mana. Kowa fari ya sa, dutsen shi ne dai dutsen. Wa zai gane?”

Na ce ban kai shekarun nan don in yi wa uwata ƙarya ranar Sallah ba. Tsohon kaset za mu ɗauka, amma da bakinsa zai gaya mata. Ya zauna ya kwance wani mataccen bidiyo, ya ciro abin da ya lalace a na ubansa ya musanya. Gyaran da ya ce ba sai an yi ba, bai ɗauke shi wani lokaci ba.

A Adogi mun tarar an riga an shimfiɗa tabarmi. Nasiru ya durƙusa gaban Inna ya faɗi yadda aka yi. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, “Kai maigidan nan nawa, ashe ragon miji na aura. Kishiya ka yi mini da Bature mai gajeren wando?” Mata suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juyo wajena. “To, na Talatu ya wuce. Ku sa mini na ubansa.”

Muka sa. Kala ta ɗan koɗe, amma ga taro, ga dutse, ga hannaye a sama. Ana tsakiyar huɗuba sai hoton ya fara rawa, ya tsage, ya koma yayyafi fari da baƙi. Samari suka fara cewa kaset ya lalace. Nasiru ya miƙa hannu zai tura gaba.

“Kar ka taɓa,” in ji Inna. “Iska ce ta ture kwandon. Ya fita ne. Yanzu zai dawo da shi.”

Muka zauna muna kallon yayyafi. Sai hoton ya fara haɗuwa, ya sake tsagewa, sannan ya tsaya cak. Ni na san abin da ya faru a wannan ɗan lokacin, don na tuna ranar. Sabo ne a bayan shago, cikin rana, da azumi, ya sa kafaɗa ya tokare ƙarfen yana kiran a gaya masa in ya fito.

Babu fuskarsa a kaset ɗin nan, babu muryarsa. Ko hotonsa na kirki ba mu da shi. Abin da ya rage mana na Sabo shi ne wannan wurin da hoto ya ɓace ya dawo, don akwai mutum a wurin da ya damu ya tashi. Ban ƙi sabuwar risiba ba, ta yi abin da aka ce ta yi. Amma Inna ba ta ga Arfar Talatu ba, kuma a shekarunta ban san ko za ta ga wata ba.

Allah ya haskaka kabarin Sabo. Ya ba Inna tsawon rai zuwa baɗi, ni kuma ya ba ni lafiyar zama kan benci.