A Gidan Kaka Ba a Ci a Tsaye

A gidanmu na unguwar Poumpoumré a Garwa, kakata tana da doka guda: ba a cin abinci a tsaye. Ko gyaɗa ce, sai ka zauna. Bayan magariba mukan kewaye murhunta, tuwo na turiri, ita kuma tana gyara itace da ƙafa.

Wata rana na gutsuri loma ina tsaye. Ta kama rigata.

"Maigida, wa ke korarka? Zauna. Yau ba labarin kura ba ne."

Ta ce akwai wasu mutane da aka kamo daga duwatsu, suka shekara suna yi wa wani mai sarauta noma. A bakin gona suke ci, a tsaye, ido na kan mai tsaro. Da aka sake su, ba su san hanyar gida ba. Sai suka share wata laka kusa da kogin Binuwai wadda kowa ya raina, suka dasa dawar masakwa. Ranar girbin farko aka tuƙa tuwo, kowa ya ɗauki ƙwaryarsa, suka jeru a tsaye. Ba mai tsaro, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasawa. Can wata yarinya ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

"Sai manyan maza suka fashe da kuka," in ji kaka. "Ɗaya bayan ɗaya, suka zauna."

"Wace ce yarinyar?"

"Ci tuwonka, sarkin tambaya."

Sai da kaka ta rasu na ji cewa uwarta ce.

Yanzu ina koyar da tarihi a wani lise, wato makarantar sakandare, a Garwa. Darasin bauta yana ƙarewa ne da lokacin da aka soke ta, kamar mutanen sun ɓace daga nan. Na daɗe ina jinkirin ba ɗalibaina labarin kaka. Ba ni da hujja sai bakin tsohuwa, kuma wataƙila ta ƙara gishiri. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, a garin nan har yau ana binciken asali kafin aure, ni kuwa ina da ƙanne.

Duk da haka wata rana na faɗa musu, har da cewa yarinyar jinina ce.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu daga baya.

"Misye, mu ma kakarmu tana hana ci a tsaye. Mun zaci tsufa ne."

Wani yaro kusa da taga ya ce, a hankali, "Mu ma."

Na jawo kujera na zauna.